Kyautar da Ake Biya da Tafin Ƙafa

Ranar 6 ga Afrilun 2023 masu wasan Pokémon GO suka wayi gari da sabon farashi. Tikitin da ke ba mutum damar shiga yaƙin taron dangi daga inda yake zaune ya tashi daga tsabar wasa 100 zuwa 195, ƙunshin tikiti uku ya tashi daga 300 zuwa 525, aka kuma ƙayyade irin wannan yaƙi biyar kacal a rana. Ƙorafi ya tashi ko'ina, har wasu suka yi kiran a ƙaurace wa wasan. Nan take amsar da aka saba ji ta biyo baya: wasan ai kyauta ne, ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya ya saya, kamfani kuma ba gidan marayu ba ne. Maganar ta zauna a bakin jama'a, har da wasu masu yin wasan. Sai dai idan aka bi diddiginta, ba ta da tushe.

Kamfanin Niantic na birnin San Faransisko a Amurka ne ya fito da wasan a watan Yulin 2016. Waya ce ke gane inda mutum yake tsaye, titin unguwarsa ya zama filin wasa, 'yan dodanni su riƙa ɓullowa yana kamawa. Kayan aiki kuwa sai ya taka zuwa wasu tashoshi da aka ɗora a kan wurare na zahiri: zanen bango, wurin ibada, gidan tarihi, lambun shaƙatawa.

To, wa ya nemo waɗannan wurare? Tun daga 2012 kamfanin yana da wani wasa mai suna Ingress, kuma masu yin sa ne suka bi lungu da saƙo suna ɗaukar hoto, suna raɗa suna, suna aikawa. Da yawan tashoshin Pokémon GO daga guminsu aka samo su. Daga baya aka buɗe tsarin Wayfarer, inda 'yan wasa ke tantance wuraren da 'yan uwansu suka turo, ba albashi ba alawus. Aka zo kuma ana roƙonsu su zagaya wuri da kyamarar waya suna ɗaukar hotonsa ta kowace fuska, a ba su ɗan tukwici na cikin wasa. A Nuwamban 2024 kamfanin da bakinsa ya sanar cewa yana gina wata babbar ƙirƙirarriyar basira mai gane wurare, kuma irin waɗannan hotuna na cikin abin da ya dogara da su. Aikin gayya ne sosai, sai dai a gayyar ƙauye ana dama wa mutum fura, kuma gobe a je tasa gonar.

Takun ƙafar ma haja ce. Tun a 2016 McDonald's ya mayar da shagunansa kusan 3,000 a Japan tashoshin wasan, Starbucks ya bi sahu a Amurka. Kuɗi suka biya don a kora musu masu saye har bakin ƙofa. Wanda ya yi taswira, ya tantance ta, aka sayar da zirga-zirgarsa, ba shi ne za a kira ɗan cin banza ba.

Akwai kuma yadda ake sayar da kayan. Ba a cika jin hayaniya a kan hula ko rigar da ake sanya wa hoton ɗan wasa ba, domin ado ne, mai so ya saya. Inda gizo ke saƙa shi ne wahalar da aka ƙirƙira da gangan, sannan aka kafa shagon maganinta. Ma'ajiyar dodanni tana cika, ana ta ƙaro sababbin dodanni, ƙarin gurbi 50 kuwa tsaba 200 ne. Ƙwan dodo na buƙatar tafiyar kilomita 2 ko 5 ko 10 kafin ya ƙyanƙyashe, na'urar ƙyanƙyasa ta dindindin guda ɗaya ce, ƙari sai an saya, kuma mai saye bai san abin da zai fito ba sai ƙwan ya fashe. Wannan da caca ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Masu kare kamfanin kan ce ai ana samun tsabar a kyauta. Gaskiya ne, amma 50 ce iyaka a rana, kuma sai dodon mutum ya yi gadin wani fage na sama da awa 8, sannan wani ya zo ya kore shi kafin tsabar ta shiga aljihu. Kwana huɗu ke nan na tikiti ɗaya. A ƙauyen da ba wani ɗan wasa sai kai, dodonka zai iya yin makonni yana gadi ba ka ga ko anini ba.

Nan ne maganar "ba a tilasta kowa ba" ta fi rauni, domin wasan da ya dogara da wuri ba ya raba wahala daidai. Mazaunin tsakiyar Tokiyo ko Landan yana iya samun tashoshi da abokan yaƙi a bakin ƙofarsa. Mutumin karkara, da mai keken guragu, da mai aikin dare, da matar da fita bayan magariba ke da haɗari a unguwarsu, su ne tikitin nesa ya buɗe wa ƙofa lokacin da aka fito da shi a 2020, zamanin kullen korona. Ƙarin farashin a kansu ya sauka. A 2021 ma an yi irin wannan, da kamfanin ya rage tazarar taɓa tasha daga mita 80 zuwa 40, sai da 'yan wasa suka yi ca a kansa kafin ya janye cikin watan Agusta.

Hujjar da Niantic ya bayar kan sauyin 2023 ita ce manufar wasan mutane su fita su haɗu ido da ido, kuma yaƙin nesa ya mamaye komai. Ba za a ce ƙarya ce zalla ba, don wasan ya fitar da mutane da yawa daga ɗaki, ya ƙulla abota. Amma in lafiyar wasan ake ji, ƙayyade adadi ya wadatar, mene ne na kusan ninka kuɗi? A 2025 aka ɗaga iyakar daga biyar zuwa goma, farashin kuwa ya tsaya inda yake.

Ba wanda ya ce kada kamfani ya ci riba. Yana biyan ma'aikata, yana kula da na'urori, kuma ya sha asara: ya rufe wasansa na Harry Potter a Janairun 2022, ya sallami ma'aikata 230 a Yunin 2023. Amma ƙiyasin kamfanin Sensor Tower ya nuna Pokémon GO ya tara sama da dala biliyan 6 zuwa 2022. Wanda ya sayi kaya a wasan Harry Potter ɗin kuma, ranar da aka kashe na'ura shi ke nan, ba wasan ba kayan.

A Maris na 2025 aka sanar da sayar da Pokémon GO da wasu wasannin Niantic ga Scopely, masu Monopoly Go, a kan dala biliyan 3.5. Scopely mallakar Savvy Games ne, na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. John Hanke, wanda ya kafa Niantic, ya riƙe ɓangaren fasahar taswira a sabon kamfani mai suna Niantic Spatial. Wayfarer, inda 'yan sa-kai ke kwana suna duba hotunan wurare ba ko sisi, yana cikin kayan da aka lissafa a cinikin.