Wasan Bidiyo: Wa Zai Koya Wa Na'ura Hausa?

Duk wanda ya bi titin da ya ratsa ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya wuce Rimin Gado, ya shiga ƙasar Kabo har ya dangana da Gwarzo, zai iske wani abu da ba ya cikin lissafin masu tsara manufofin ilimi: ɗan shago mai labule, janareta na ruri a baya, yara sun yi cincirindo gaban talabijin suna buga ƙwallo da 'yan yatsu. Iyaye na kiran wurin matattarar ɓata lokaci, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Amma abin ya wuce batun tarbiyya kaɗai.

Bari mu waiwayi tarihin sana'ar. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto na Japan a 1889, da katin karta na gargajiyar Japanawa ya fara. Sunan Atari, kamfanin Amurka da ya fitar da wasan Pong a 1972, an aro shi ne daga wasan Go, wato darar mutanen gabashin Asiya, kuma kalma ce da ake faɗa idan ana dab da cinye ɗan abokin karawa. Pac-Man na 1980 kuwa, daga "paku-paku" sunansa ya fito, kwaikwayon motsin baki wajen cin abinci a Japananci. Irin kalmar nan ce da masana nahawun Hausa ke kira amsa-kama, 'yar'uwar "laƙwam" da "tsulum". Shi ma Alexey Pajitnov, da ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin huɗu ne da sunan wasan tanis da yake sha'awa.

Mai karatu na iya ɗaukar waɗannan a matsayin labaran nishaɗi. A wurin ɗalibin harshe kuwa hujja ce: kowane wasa yana tafe da harshen maƙeransa da al'adarsu. Waɗanda suka yi ƙuruciya a farkon shekarun 2000 za su tuna Winning Eleven na kamfanin Konami, wanda mai sharhinsa ke kwarara Japananci, yaranmu kuma suna maimaitawa ba tare da sanin ma'anar ko kalma ɗaya ba. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Barcelona ta wannan hanya, da wuya ya iya bayyana ƙa'idar dara.

Alhali kuwa dara wasa ce da ta cika sharuɗɗan da injiniyan kwamfuta ke nema. Ramuka 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya daga na abokin hamayya. Ƙa'ida kaɗan, dabara mai zurfi, har ta bar mana salon magana, domin kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce dara ta ci gida. Ga langa, ga dambe da kirarinsa da kiɗansa, ga Gizo da Ƙoƙi, ga labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura.

Za a ce babu kuɗi, babu wutar lantarki. Ba mu musa ba. Sai dai ƙarancin kayan aiki shi ya haifi wannan sana'a tun asali. Shigeru Miyamoto ya sa wa Mario hula da gashin baki ne saboda na'urar lokacin ba ta iya zana gashin kai da baki yadda ya kamata, kuma dukan wasan Super Mario Bros. na 1985 bai kai nauyin hoto guda da wayar hannu ke ɗauka a yau ba. A nan Afirka ma an gwada an gani: Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, kamfanin Kiro'o Games na Kamaru kuma ya fitar da wasan Aurion a 2016.

Abin da muke tsoro shi ne a maimaita abin da ya faru da finafinan Hausa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, 'yan boko sun ɗauke kai, suka bar harkar a hannun matasa marasa jagora, waɗanda suka kwaikwayi abin da suka fi gani, wato finafinan Indiya. Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka shiga tsugunne-tashi tsakanin hukuma da masu sana'a. Da malaman harshe da na tarihi da na addini sun shiga tun da safe, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka muna kira ga sashen nazarin harsunan Nijeriya da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da su haɗa ɗalibansu a aikin kammala digiri guda: wannan ya rubuta manhaja, wancan ya tattaro ƙa'idoji da kalmomin dara daga bakin dattawan da har yanzu ke haƙa ramukanta a gindin bishiya. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo ta fi kowa kusa da waɗannan dattawa. Hukumar NITDA kuma ta ware gasa ta musamman ga wasannin da aka gina da harsunan gida, a kuma fara gwada su a shagunan nan na Gwarzo, inda alƙalan ba sa jin nauyin kowa.