Masu A-kori-kura, Ku Dubi Allah Ku Gyara Birki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan'uwana masu motocin a-kori-kura da ke jigilar mu zuwa kasuwannin ƙauye.

Kowa ya san amfanin waɗannan motoci. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka zama jakunan talaka. Su ke kwaso mana hatsi da awaki da albasa. To amma yawancinsu sun tsufa, kuma abin takaici shi ne mai mota zai kashe kuɗi wajen fenti da rubutu a jikinta, amma in aka ce ya canja takalmin birki sai ya ce a bari sai kasuwa ta gaba.

Jama'a, birki ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. In ka taka ka ji ƙara kamar ana wasa wuƙa, to takalmin ya cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In ka ƙyale shi, zai kwarzane gangar birkin, gyaran takalmi kaɗai ya koma sayen ganga. In mota na fizga gefe guda, ko sai ka yi ta famfo da ƙafa kafin ta tsaya, ko kana ganin mai na tsiyaya a cikin taya, to maza a nufi wajen bakanike.

In an tashi gyaran kuma a yi shi da gaskiya. Ba a canja takalmin ƙafa ɗaya a bar ɗaya, hagu da dama ake canjawa tare, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe. A duba robobi da tiyo, wanda ya tsage a jefar. Bayan an ɗaure a tabbata an fitar da iska daga bututun, domin iska matsuwa take yi, shi ya sa birki ke yin laushi.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu ɗura ruwan sabulu ko man inji a madadin man birki. Wallahi wannan wasa da rayuka ne. Ruwa na tafasa a digiri 100, alhali sabon man birki mai lamba DOT 3 yana jure zafin da ya kai digiri 205. Mota ta ɗauko buhuna tana gangarowa, birki ya yi zafi, ruwan ya zama tururi, ka taka har ƙasa ba komai. Shi kuwa man inji kumbura robobin yake yi su lalace. Ai araha ba ta ado.

Na san za a ce kayan gyara sun yi tsada. Gaskiya ne, sun yi. Amma wa ya taɓa jin kuɗin takalmin birki ya kai kuɗin asibiti, balle ran mutum? Wasu kuma su ce komai nufin Allah ne. Haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai ka yi iyakar ƙoƙarinka sannan ka dogara ga Allah.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi da su riƙa gwada birki kafin a yi lodi. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ta riƙa leƙa hanyoyin karkara ranar kasuwa. Mu kuma fasinjoji, duk motar da ba ta tsayawa sai yaron mota ya diro da waigi, mu sauka mu jira wata. Gara a rasa cinikin safe.

Allah ya tsare mu, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda mai bin kasuwannin ƙauye.