FILIN MATA: Mai da Ruwan Injin Mota

 

Na san waɗansunku za su ce, yau kuma me ya kai Malama gareji? To, ku yi haƙuri ku saurara. Wata 'yar'uwa malamar makaranta ce ta aiko mini da takarda daga Tudun Wada. Ta ce ta kwashi adashi, ta haɗa da rance, ta sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano, Toyota Corolla ƙirar 2006. Amma duk ran da ta je wajen bakanike sai ta tsaya kamar baƙuwa a gidan biki, abin da ya faɗa shi ke nan, nata biya ne kawai. Tana tambaya ko akwai abin da mace za ta iya lura da shi da kanta.

Akwai kuwa. Amma bari in fara gaya muku abin da ya sa ni kaina na koya.

A bazarar 2024, wajen ƙarfe ɗaya na dare, naƙuda ta kama matar yayana a gidanmu nan Ƙofar Kibo. Da ma likita ya ce in ta tashi a kai ta asibitin koyarwa na Shika, kada a tsaya a gida. Muka shiga motar Yaya, ita ma irin wannan Corolla ce. Mun wuce Kwangila mun doshi Samaru sai na ga wata allura a gaban direba ta haye sama ta kai ja. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ya ce, "Bari dai mu ƙarasa." Ba mu ƙarasa ba. Tururi ya turnuƙe, mota ta mutu a gefen titi, ga mai naƙuda a baya tana salati. Allah ya jefo mana wani mai a-daidaita-sahu, shi ya kai mu. An sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma har gobe in na tuna tsayuwar nan gabana faɗuwa yake yi.

Da aka buɗe injin, ashe wani tiyon roba ne ya daɗe yana ɗigar da ruwa. Yaya ya sani, kullum sai ya ɗauki buta ya ƙara ruwan rijiya, yana cewa sai an yi albashi. Kuɗin da gyaran ya ci daga baya ya sayi tiyon nan da yawa. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar na ɗauki littafin motar, na kuma dami malamin kimiyya na makarantarmu da tambaya har ya gaji da ni.

Ga abin da na fahimta. Kun san lugude. To, ku ɗauka turame huɗu ne a jere, kowane da taɓaryarsa. Turmin shi ne silinda, taɓaryar ita ce fistan. Fistan ya sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su fashe su tura shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙin zuwa salansa. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan dabara a 1876, har yanzu kuwa ita ake bi. Su huɗun ba sa bugawa tare, bi da bi suke yi kamar mata masu lugude, na 1, na 3, na 4, na 2. In ɗaya ya ɓata kiɗa za ki ji motar tana karkarwa, sau da yawa fulogi ne ko kwayil ɗinsa. In mota tana gudu a hanyar Kaduna, inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistan yana hawa da sauka sau 50 kafin ki ce ɗaya. Ku duba fa, ƙarfe a jikin ƙarfe, ga wuta a tsakani. Abu biyu ne suke hana shi narkewa, baƙin mai da ruwa.

Injin motar 'yar'uwarmu, in irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka ce, sunansa 1ZZ-FE. Girmansa lita 1.8, bawul 16, ƙarfinsa wajen doki 130, yana ɗaukar baƙin mai kamar lita 4. Ba shi da kafireto, kwamfuta ce take auna masa fetur. Inji ne mai juriya, shi ya sa kuke ganinsa ko'ina daga Sabon Gari har cikin birni. Wani alherinsa kuma, abin da yake daidaita buɗewar bawul da hawan fistan sarƙar ƙarfe ce, ba bel ɗin roba ba irin na waɗansu motoci da sai an riƙa sakewa. Amma ita ma sarƙar da mai take rayuwa. Aibinsa da aka sani shi ne, waɗanda aka ƙera kafin 2005 sukan sha baƙin mai in sun tsufa, domin ƙananan ramukan da mai yake komawa ta ciki a jikin fistan suna toshewa. Mai irin wannan mota kada ta yi sakaci da dubawa ko kaɗan.

Yadda ake dubawa ba wuya, bai kai tankaɗe ba. Da safe, mota tana tsaye a wuri mai daidai, ba a tashe ta ba, ki buɗe bonet. Za ki ga wani ɗan hannu, galibi ruwan ɗorawa. Ki zaro shi, ki goge da tsumma, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinsa, man ya kasance a tsakaninsu, kusa da ta sama. In ya sauka ƙasa a ƙara, amma kada a cika ya wuce alama, shi ma ɓarna ne. Ki lura da kamanninsa kuma. In kin ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ki tashi motar, a kira bakanike. Sau ɗaya a mako ya isa, da kuma duk ran da za a yi doguwar tafiya. In kuwa kina cikin tafiya jar fitila mai kamar 'yar buta ta kama, ki sauka gefe ki kashe nan take. Wannan fitila ba ta san "bari mu ƙarasa" ba. Minti kaɗan ne inji ya buga.

Yanzu ga inda za ku sha gardama da bakanike. Littafin motar ya ce a zuba mai mai lamba 5W-30. Da yawansu za su ce wannan ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, a zuba mai kauri 20W-50. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Iyayen gidansu a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ita kuwa mai kauri take so. Amma wannan inji hanyoyin mansa sirara ne, har ma da ƙarfin man yake sauya lokacin buɗe bawul. Mai kauri yakan yi nawar isa sama da safe, a lokacin ne kuwa inji ya fi cin jikinsa. Injin da ya riga ya tsufa ƙwarai, wannan wata magana ce, ana iya ƙara masa kauri kaɗan. In dai lafiyayye ne, ki ce, "Malam, don Allah a zuba abin da littafi ya ce." Ki sayo galan a rufe da hannunki, ki tsaya a buɗe shi a gabanki, a sake matatar mai tare. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi, araha ba ta ado. Littafin ya ba da mil 5,000, watau kilomita 8,000, ko wata shida. Da ƙurarmu da cunkoson Tudun Wada, ni a kilomita 5,000 nake sa Yaya ya sake.

Sai ruwa. A gefen lagireto akwai wata farar roba mai alama biyu, ana ganin ruwan daga waje. In kin ga yana raguwa mako bayan mako, wani wuri yana yoyo, a neme shi tun yana ɗigo. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin dattin gishiri a ciki, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ga tsatsa. A sayi ruwan sanyaya inji na galan, ja ko ruwan hoda irin wanda littafi ya faɗa. Kan wannan inji da gangar jikinsa na alminiyom ne, in ya yi zafi fiye da kima sai kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, abin da ya sami Yaya ke nan. In allura ta haye, a kashe na'urar sanyi, a tsaya, a kashe inji. Ina roƙonku da Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ruwan ya fi na tafasasshiyar tukunya, fuska yake nema. A jira ya huce sarai.

Akwai wani ɗan ƙarfe kuma da ake kira tamostat, mai tsaron ƙofar ruwa. Ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 82. An saba cire shi a jefar, wai na Turawa ne masu ƙanƙara. Kai, wanda ya faɗi haka bai taɓa fita asubar hunturu a Zariya ba! In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta kuwa ta yi ta ƙara masa fetur tana tsammani har yanzu safiya ce. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, wace ce a cikinmu take da fetur na zubarwa? In ya lalace a sa sabo, kada a bar gurbinsa.

Matatar iska a duba ta sosai da hunturu. Ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa, in ta toshe a sake. Bel ɗin da yake gefen inji shi yake juya famfon ruwa da abin cajin batir, in ya fara kuka ko ya tsattsage kada a jira ya tsinke. Hayaƙi ma yana magana: shuɗi mai ne yake ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta ɗumama ruwa ne.

'Yar'uwata ta Tudun Wada, ki sami ɗan littafi irin na rajistar aji ki ajiye a cikin motar. Duk ran da aka yi sabis ki rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da irin man da aka zuba, da abin da aka sake. Bakanike in ya ga kina rubutu, shi ma yakan gyara zama. Ke kuma da motar ta mai gida ce, ki lallaɓa shi ranar Asabar ya buɗe muku bonet ku duba tare, tun ba in akwai mai ciki ko tsoho a gidan ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa takardar wadda ta yi tambaya a kan yaye.

Taku,
Malama, Ƙofar Kibo, Zariya.