Sharhi: Ƙananan kayan da ke riƙe da babban layin lantarki

Duk lokacin da babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe, hankali yakan koma kan manyan abubuwa: iskar gas da ba ta isa tashoshi ba, bashin kamfanonin rarraba wuta, ko ɓarayin da suka kayar da turaku. Da wuya a ji an ambaci faya-fayen tangaran ko na gilashi da ke rataye a jikin turakun, waɗanda ma'aikatan lantarki ke kira insuleta. Alhali su ne ke tsakanin waya mai ɗauke da bolt dubu 330 da ƙarfen da ke kafe a ƙasa.

A ranar 19 ga Oktoban 2024, kamfanin TCN ya ce fashewar wata na'ura a tasharsa ta Jebba ce ta jawo katsewar wuta a sassan ƙasar. Kwanaki kaɗan bayan haka yawancin jihohin Arewa suka shiga duhun da ya haura mako guda, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala a daidai lokacin da na Shiroro zuwa Kaduna ke kwance saboda ɓarna. Mai sayar da ƙanƙara da mai injin niƙa sun san abin da wannan ya ci musu. Ba kowace katsewa ce laifin insuleta ba, amma na'urorin irin waɗannan tashoshi duk rayuwarsu ta dogara ne ga abin da ke hana wuta bin hanyar da ba tata ba, ko tangaran ne, ko mai, ko takarda, ko iska.

Tsarin jera faya-fayen tangaran kamar carbi ya samo asali ne daga Amurka a 1907, kuma har yau yana aiki. Rauninsa a ƙasarmu shi ne ƙura. A lokacin hunturu hazo yakan lulluɓe fayafayen. Muddin ƙurar a bushe take babu damuwa sosai, amma da zarar raɓa ko yayyafin farkon damina ya jiƙa ta, gishirin da ke cikinta sai ya narke, wuta ta fara silalewa ta kan fayafayen. Zafin silalewar yakan busar da wani ɓangare, tartsatsi ya tsallake wurin da ya bushe, daga nan sai wuta ta yi tsalle gaba ɗaya, layi ya katse. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wuta ke yawan ɗaukewa da ruwan farko.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne insuleta mai sandar zaren gilashi a ciki, da rigar robar silikon a waje. Ruwa ba ya shimfiɗuwa a kan wannan roba, sai dai ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne robar takan fitar da wani ɗan maiƙo da ke ratsa ƙurar da ta kwanta a kanta, har ita ma ƙurar ta daina shan ruwa. Ga rashin nauyi, ga shi ba ta tarwatsewa idan yaro ya jefe ta da dutse.

Sai dai tana da nata aibin, kuma a nan ya kamata masu sayo wa gwamnati kaya su buɗe ido. Fefen gilashi idan ya lalace yakan farfashe, mai sintiri ya hango shi daga ƙasa. Na roba kuwa yana iya ruɓewa daga ciki idan danshi ya shiga ta bakin ƙarfensa, ba wanda zai sani sai ranar da sandar ta karye waya ta faɗo. Mai araha da aka haɗa da robar banza ba ya jure ranar Sakkwato ko Maiduguri. Idan sharaɗin kwangila shi ne wanda ya fi sauƙin farashi kawai, to matsala aka saya.

A cikin tashoshi kuma, manyan makunnan da ke yanke wuta suna cike da wata iska mai suna SF6, wadda ke kashe tartsatsi. Idan ta yi yoyo matsinta ya ragu, makunnin na iya kasa yanke wuta ranar da ake buƙata. Shi ya sa ake maƙala masa na'urar auna matsi, wadda ke fara yin gargaɗi, sannan ta kulle shi idan iskar ta yi ƙasa da kima. Dole na'urar ta bambance yoyo na gaskiya da raguwar matsin da sanyin asuba ke jawowa, in ba haka ba ta riƙa ƙarar ƙarya. Taransifoma ma tana da makamancin wannan tun 1921, lokacin da Bajamushe Max Buchholz ya ƙirƙiro na'urar da ke gano iskar da mai ke fitarwa idan wani abu ya fara ƙonewa a ciki.

Sabon abu shi ne ƙanƙanta da sadarwa. Tun da Charles Smith ya gano a 1954 cewa sinadarin silikon yana sauya yadda yake barin wuta ta wuce idan aka matsa shi, aka samu hanyar ƙera ma'aunin da bai kai farce ba. Irinsa yana iya aika bayani kai-tsaye zuwa cibiyar kula da layi kamar ta Osogbo, maimakon a jira ma'aikaci ya zagaya ya leƙa agogon ma'auni. Amma gargaɗin da ya isa ofishin da babu motar fita, babu kayan canji a sito, bai tsinana komai ba.

Akwai kuma canjin da ke tafe daga waje. SF6 tana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau dubu ashirin da ɗoriya, don haka Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ke hana amfani da ita a sababbin na'urori mataki-mataki daga 2026. Manyan masu ƙera kayan sun fara komawa ga busasshiyar iska da wasu gauraye. Na'urar da Nijeriya za ta saya bana za ta yi shekara talatin ko arba'in tana aiki, saboda haka ya dace a tambayi mai sayarwa tun yanzu daga ina iskarta da kayan gyaranta za su fito nan gaba.

Tangaran dai da farar ƙasa ake yin sa, kuma akwai ta a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Jihar Bauchi. Insuletan manyan layuka na buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, amma na falwayar unguwa bai fi ƙarfin masana'antar cikin gida ba, idan kamfanonin rarraba wuta za su yi alkawarin saye kuma hukumar SON ta tsaya kan inganci.