Kafin Ka Biya Kuɗin Mota, Leƙa Ƙafarta



Gardama ce aka tafka a ƙofar shagon Baba a nan Agege ta sa na ɗauko wannan magana. Wani abokinmu ya dage wai Honda Accord duk ɗaya ce, fitila da bodi kawai ake canzawa. Ni kuwa na ce babban canjin yana ƙasa, inda mu Hausawa ba mu cika leƙawa ba.

Accord ta 2003 zuwa 2007 da ta 2008 zuwa 2012, ƙafarsu ta gaba hannu biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Amfaninsa shi ne idan ka sha kwana taya na zama daram a kan kwalta, motar ba ta yi maka tangaɗi. Amma nauyin gaban motar yana bi ne ta kan boljoyin na ƙasa. Ranar da ya cinye ya fita, sai ƙafa ta lanƙwashe, mota ta durƙusa a tsakiyar titi.

A 2013 kamfanin ya sauya tsari. Aka cire hannun sama, shokazoba da sifirin suka zama ginshiƙi guda mai riƙe da taya, kamar yadda aka yi wa Civic tun 2001. Nauyi ya koma kan ginshiƙin, boljoyin ya samu sauƙi, kayan da za su lalace suka ragu. Sitiyarin ma ya tashi daga na mai ya koma na lantarki. Sai dai ita ma idan rami ya lanƙwasa ginshiƙin, za ka ga mota tana ja gefe tana cin taya.

Tamu ta 2004 ta taɓa durƙusa mana, kuma wallahi laifinmu ne. Mun yi makonni muna jin ƙwas-ƙwas a gargada muna cewa sai gobe, daga baya muka sa boljoyin mai araha. Allah Ya taimaka abin ya faru a cikin unguwa, ana tafiya a hankali. Da a hanyar Mokwa ne lokacin tafiya gida Sallah, ga iyali ga kaya har rufi, da yanzu wani labarin ake yi.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya je Berger ya zaɓi tokunbo don suna ko don a ce ya hau sabon yayi. Tambayi shekararta, ka sa bakanike ya ɗaga ta da jak ya girgiza taya, ya duba bushin da robar boljoyin. Mai tsohuwa kada ya yi ƙwauron kuɗin kaya na asali idan ya shiga Ladipo. Mai sabuwa kuma ya sa ido a kan shokazoba, kada ya ɗauka ya tsira.

Araha ba ta ado, balle a kan ƙarfen da ke ɗauke da mahaifiyarka daga Legas zuwa Kano. Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai mu gida lafiya, amin.