An Kore Ka Daga Gasa Ba a Ji Ta Bakinka Ba? Ga Inda Doka Ta Tsaya

Duk wanda ya taɓa buga gasar unguwanni a Jahun ya san yadda ake ƙarewa. Ku ci wasa a fili, washegari kwamiti ya zauna ya ce kun sa ɗan haya, a ƙwace maki. Mu yi kumfar baki a Facebook kwana biyu, shi ke nan. To, har a manyan makarantu matsalar ɗaya ce. A gasar NUGA ta jami'o'i ko NIPOGA ta kwalejojin fasaha, zargin sa wanda ba ɗalibi ba na iya jawo a kori ƙungiya ɗungurungum. Shin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, idan aka hukunta shi ba a saurare shi ba, yana da inda zai kai kuka?

Yana da shi. A 1983 an yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka kori wasu, suka garzaya kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba. Cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Wato ba ka zama mai ƙara kuma alƙali. Ba rigimar wasanni ba ce, amma ƙa'idar ita ce dai ta sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999: a faɗa maka laifinka, a ba ka damar kare kanka.

Sai dai fa kada mu ruɗi kanmu, kotu ba ta sauri. Dubi Amurka, inda wasannin jami'a harkar biliyoyin daloli ce. A 1977 hukumar NCAA ta matsa wa Jami'ar Nevada da ke Las Vegas ta dakatar da kocinta na kwando, Jerry Tarkanian. Ya kai ƙara, amma a 1988 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce NCAA ba hukumar gwamnati ba ce, don haka ba zai kama ta da tsarin mulki ba. Sai a 1998 aka sasanta, ta biya shi dala miliyan 2.5. Shekara 21 ke nan! Ita kuwa jami'ar Penn State, wadda aka ci tarar dala miliyan 60 aka kuma soke mata nasarorin shekaru a 2012, sai a 2015 aka mayar mata da nasarorin, bayan wani ɗan majalisar jihar ya shigar da ƙara.

A ƙwallon ƙafa ma akwai wani shingen. FIFA ba ta son a kai rigima kotun gari. Shi ya sa ta dakatar da Najeriya a Yulin 2014, bayan wata kotu a Jos ta tsoma baki a shugabancin NFF. Samson Siasia kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ya je, a 2021 ta rage masa haramcin har abada zuwa shekara biyar. Wane ɗalibi ne cikinmu zai iya wannan ɗawainiyar?

Ɗalibi shekara huɗu gare shi. Kafin alƙali ya yanke hukunci an raba kofi, kai kuma kana hidimar ƙasa. Saboda haka yaƙin na gaskiya tun kafin hukunci ake yin sa. Kafin a fara gasa, kyaftin ya nemi dokokinta a rubuce. Ku adana katin shaida da takardar rajistar kowane ɗan wasa. In an hukunta ku, ku nemi dalili a takarda, ku ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da aka ware, ku kuma duba ko akwai ɗan ƙungiyar da ta kai ku ƙara a cikin kwamitin. Ko kotun ma, abin da za ta fara tambaya ke nan.

In kuma da gaske kun sa ɗan haya, 'yan uwa, ku rungumi ƙaddara. Doka damar magana ta ba ku, ba kofi ba.