Zanen aro ba ya rufe katara: darasin Google Reader

Ƴan uwa, ranar 8 ga Yuli 2025 kamfanin Mozilla ya rufe Pocket, manhajar da wasunmu ke ajiye labarai a ciki don su karanta daga baya. Wani abokin gwagwarmaya ya kira ni ransa a ɓace, ya ce: "To yanzu ina zan kai karatuna na shekara biyar?" Tambayar tasa ta tuna mini da abin da ya faru a 2013, lokacin ina lise.

Yayana a lokacin ɗalibi ne, kuma ba ya shiga sibar sai ya buɗe Google Reader. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce da Google ya ƙaddamar a watan Oktoba 2005. Kai ne za ka zaɓi jaridu da shafukan da kake so, ita kuma ta tattaro maka duk sabon abin da suka wallafa a wuri guda, bi da bi, daga na yau zuwa na jiya. Tana aiki da wata fasaha da ake kira RSS, wadda ba mallakar kowane kamfani ba ce. Ga mai biyan kuɗin awa ɗaya a sibar, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ranar 13 ga Maris 2013 Google ya ce zai rufe ta, wai masu amfani da ita sun ragu. Mutane sama da dubu 100 suka sa hannu a takardar koke. Ko a jikinsa. Ranar 1 ga Yuli aka rufe ƙofa.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ba kowa ne ya yi asara ba. Google ya ba da damar sauke jerin shafukan da mutum yake bi a cikin wani ƙaramin fayil mai suna OPML. Wanda ya sauke nasa, kamar yayana, ya ɗauki kayansa ya koma wani gida cikin minti kaɗan. Feedly kaɗai ta ce ta samu sababbin mutane sama da dubu 500 cikin awa 48 bayan sanarwar. Wasu suka nufi NewsBlur, wasu The Old Reader, wasu Inoreader. Shagon ne ya rufe, kasuwar tana nan.

Amma mafi yawan jama'a ba su nemi wani shagon ba. Sun koma Facebook da Twitter, inda ba kai ne ke zaɓen abin da za ka gani ba. Na'ura ce ke zaɓa maka, kuma abin da ta fi so shi ne wanda zai riƙe ka a kan allo: faɗa, zagi, jita-jita. A watan Janairu 2018 Facebook ya sanar cewa zai rage nuna abubuwan da kafafen labarai ke wallafawa. A watan Agusta 2023 kuma Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram ga mutanen Kanada, saboda wata doka da ta ce ya biya jaridu. In an yi wa Kanada haka, don Allah wa zai tsaya jin ta bakin Maradi ko Tahoua?

Na san abin da wani zai ce: "Kai ma ai a nan kake rubutu." Gaskiya ne, kuma shi ya sa abin ya dame ni. Duk muƙalun da muka rubuta a wannan shafi, da duk masu bin mu, a gidan wani suke. Ran da ya ga dama ya canza doka, ba mu da wurin kai ƙara. Banza ba ta kai zomo kasuwa: abin da aka ba ka kyauta, da hankalinka da lokacinka kake biya.

To mene ne mafita? Ba na ce a bar Facebook ba. Cewa nake a yi rumbu a gida.

Na farko, kowa ya zauna ya rubuta kafafe goma da ya yarda da su: na gida, na maƙwabta, na waje, har da waɗanda ba ya son ra'ayinsu. Na biyu, ya sauke manhajar RSS a salularsa ya zuba su ciki. Feedly da Inoreader suna da tsarin kyauta. Shafukan da aka gina da WordPress, galibi in ka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu za ka samu hanyar. Akwai manhajojin da ke sauke rubutun su ajiye, ka karanta ko da rezo ya ɗauke, kuma rubutu zalla ba ya cinye forfe kamar bidiyo. Na uku, lokaci-lokaci ya fitar da fayil ɗinsa na OPML ya adana, don waɗannan ma kamfanoni ne. Digg Reader, da aka buɗe don maye gurbin na Google, shi ma an rufe shi a 2018. Na huɗu, ƙungiyar da ke da mai ilimin kwamfuta za ta iya girka FreshRSS ko Tiny Tiny RSS a kan sabar ta kanta, mabuɗi a hannunta.

Abokina ya fitar da kayansa daga Pocket kafin wa'adi ya cika. Ni kuma na fara kwafe tsoffin rubuce-rubucenmu ina adanawa a waje, ɗaya bayan ɗaya. Kai fa, in aka wayi gari gobe wannan shafi babu shi, ta ina za ka same mu, kuma ta ina za ka samu labari? Ka amsa wa kanka yau, tun ƙofa tana buɗe.